Mushe da Jarabawar Amirka

Ku da kuka zauna da mu a Bron, kusa da Lyon a Faransa, kun san Malam ba ya ganin abu ya bar shi bai ba shi maki ba. Bisa ashirin, yadda ya yi shekara talatin yana yi wa yara a lakkol, wato makarantar boko, can Damagaram, shi ya sa har ya rasu kowa Mushe yake ce masa, wato malamin makaranta a bakin 'yan Faransanci. Direban taram, jirgin nan na cikin gari, ya taka birki da ƙarfi, sai ka ji, "Takwas." Liman ya ja huɗuba, sha ɗaya. Miyar kukata ba ta taɓa wuce sha huɗu ba, amma kwanon sai na ƙwace daga hannunsa. Wayyo Malam! Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni.

'Yarmu Zainabu tana aure a Amirka. 'Yarta Mariyama sunan mahaifiyar Malam ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Wata Lahadi Zainabu ta kira da murna, wai yarinya ta samu A a lissafi.

Ya ce, "A bisa nawa?"

"Baba, ba bisa komai ba ne. A ce kawai."

"Harafi? Ai harafi koya wa yaro ake yi, ba a ba shi lada da shi. Ki koma ki ce su ba ki lamba."

Dariya ta ƙare ranar da Zainabu ta gaya mana dokar jiharsu. Duk ɗan aji uku sai ya yi wata babbar jarabawar karatu, wanda ya faɗi ya maimaita aji. Mariyama kuwa karatunta a hankali yake, kowace safiya sai ta ce cikinta na ciwo. Iyaye sun rabu biyu. Wasu na cewa in babu jarabawa yara za su yi ta wuce aji ba su iya komai ba, wasu na cewa malamai sun daina koyarwa, horon jarabawa kawai suke yi.

Malam ya gyara zama ya ce, "Maimaita aji ba mutuwa ba ne. Ni da hannuna na sa ɗan sufeton makarantu ya maimaita."

Sai aka ba yarinyar waya, ta ce da 'yar Hausarta, "Kaka, ƙawayena za su tafi su bar ni." Ya ajiye waya. Na ce, "To, ina ɗan sufeto?" Ya ce, "Wancan ɗan wani ne."

Ya sa Zainabu ta aiko masa da samfurin takardar, kofi biyu. Da ya buɗe sai ya yi salati. Babu inda yaro zai rubuta ko kalma ɗaya! Kowace tambaya da 'yan da'irori huɗu a gabanta, ka zaɓi ɗaya ka baƙanta da fensir, inji ne zai duba. Ya ce sai ya gwada da kansa. Turancin Ingilishinsa bai wuce gaisuwa ba, sai ya jawo ƙamus, kwana uku yana kan teburin kicin, ni ina yanka albasa a tsaye. Na gaji na ce ya ba ni ɗaya kofin, tunda shafa baƙi ne kawai, ai na iya sa kwalli. Kafin shinkafa ta tsotse na gama.

Zainabu ta karanto amsoshin ta waya. Jama'a, na fi shi da biyu!

Ya fito tsakar bene yana gaya wa maƙwabcinmu ɗan Cadi, "Ka ga hujja! Matar da ba ta san A ba ta ci jarabawar Amirka!" Da ya dawo ciki kuwa ya ce mini, "Kin leƙa tawa." Na ce, "Da na leƙa taka ai da na faɗi." Ranar bai ci tuwona ba.

Daga nan ya rubuta wa malamar ajin yarinyar wasiƙa shafi huɗu da Faransanci, ya hau jirgin ƙasa har Paris wajen Alhaji Sani, abokinsa ɗan Najeriya mai aiki a wata ƙungiyar duniya, don ya fassara masa. Sun haɗu a shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Alhaji ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Mushe, in na fassara wannan yadda take, da ni da kai kotu za a kai mu."

"Fassara! Kada ka rage ko waƙafi."

Alhaji ya gaya mini ranar zaman makoki cewa rabi ya zubar.

Amsa ta zo, Zainabu ta fassara mana. Malamar ta ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ita ma jarabawar ta ishe ta. Da sakamakon yaran ake auna aikinta, har takarda da fensir na ajin daga aljihunta take saye. Malam ya shirya faɗa, ya rasa abokin faɗa. Ya yi ta zagaye falo, can ya ce, "Ashe abokiyar aiki ce." Washegari ya aika mata da kwali guda na alli.

Zainabu ta kira tana dariya har da tari. "Baba, ba su da baƙin allo! Alli me za ta yi da shi?"

"Makaranta ba alli? To me suke jifan mai barci da shi?"

Abin da ya rage masa shi ne waya. Kowace Lahadi sai Mariyama ta ɗauko littafinta ta karanta masa da ƙarfi. Ba ya jin abin da take faɗa, amma kunnen shekara talatin ba wasa ba ne. Sai ka ji ya ce, "Tsaya, Uwata! Akwai aya a nan, ki numfasa." Zainabu ta duba, aya kuwa na nan. In yarinya ta yi tuntuɓe a kalma, ya ce, "Sake, ba mai korarki." Haka suka yi duk sanyin shekarar. Ko da aka kwantar da shi asibiti a Lyon, ni ke riƙe masa wayar a kunne, don hannunsa ya daina ɗauka.

Bai ga sakamakon ba. Kwanansa goma sha biyu a ƙasa Zainabu ta kira ta ce yarinya ta wuce, za ta aji huɗu da ƙawayenta. Ban san lokacin da na juya na ce, "Malam, ka ji?" ba. Falon ba kowa.

Allah, bawanka ne, ya ƙare ransa yana jiran yara su gama jimla. Ka yi masa haƙurin da ya yi musu. Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, ka haskaka makwancinsa, ka haɗa ni da shi inda ba rabuwa. Amin.