Shekarar da Rufin Inna Bai Yi Kabewa Ba

Yau tumatir ya cika kasuwar Azare kwando-kwando, amma da za ka zagaye ta ba za ka samu mai sayar da furen kabewa ba. Ni kuwa miyarsa nake marmari, da hannun da ke yin ta.

Haihuwata ta fari a Katagum na yi ta, a ɗakin Inna mahaifiyata, cikin marka, tun zamanin Turawa. Daga Azare aka kai ni goyon ciki. Na sauka lafiya, amma na zubar da jini da yawa. Idona ya yi fari fat, nono ya ƙi zuwa sosai, jaririyar kuma kullum sai ƙara ramewa take yi. Na ji tsoro ƙwarai kada ta tafi ta bar ni.

Inna tana da kabewa mai hawa danga ta bi rufin ɗakinta. Da safe, kafin rana ta sa furen ya tsuke, takan tsinko shi ta yi miya da daddawa da gyaɗa da ɗan man shanun da maƙwabtanmu Fulani ke kawowa. Tana da doka tun muna yara: namijin fure kaɗai ake tsinka, mai siririn dogon wuya. Macen, mai ɗan ƙullutu a gindi, ita ce za ta zama kabewa. Wanda ya taɓa ta, ranar kunnensa zai sha murɗa, don da kabewar nan muke cin rani.

Sai ga yayar mijina ta zo barka da ƙullin busasshen tumatir, wanda a lokacin baƙo ne a tukwanenmu. Ta ce malamin asibiti ya ce yana ƙara jini, ga shi ma ja. Inna ta jujjuya shi a tafin hannu, ta ce in ja ke ƙara jini, ai da barkono ya sa an rufe asibiti. Fure, in ji ta, shi ke kawo nono. Suka yi ta ja-in-ja a bakin murhu, ni da ake yi domina ba wadda ta tambaye ni. Bayan baƙuwa ta tafi, sai na ji miyar ta ɗan yi tsami, ta kuma yi ja-ja. Na shanye abina tas.

Miyar fure kuwa safe da yamma ba fashi. Na ɗan yi mamakin yadda namijin fure ya yi yawa haka, amma yunwar jego ba ta bar ni na tambaya ba. Sannu a hankali nono ya sauko, yarinya ta fara yin kumatu. Tsakanin fure da tumatir wanne ya yi aikin, Allah masani. Inna da yayar mijina kuwa, kowaccensu har ta koma ga Mahaliccinta cewa take nata ne.

Ranar da za a mayar da ni Azare, kaka ta soma, ganye ya fara bushewa. Na ɗaga kai na dubi rufin nan da kowace shekara yake shan nauyin kabewa, ban ga ko ɗaya ba. Ashe da namijin ya kasa, matan ta bi ta tsinke mini duka.

Na ce, "Inna, ina kabewar bana? Me za ku ci da rani?"

Tana gyara mini majanyi ta ce, "Kabewar bana ga ta nan goye a bayanki. Ki riƙe mini ita da kyau."