Busasshen Mai a Tandun Inna

Baba ya yi ƙuruciyarsa a wani kamfani a Kano, inda ake narka roba a zuba cikin ƙarfe ta fito bokiti. Aikinsa shafa wa ƙarfen wani baƙin gari mai sulɓi don kada robar ta manne. Busasshen mai yake ce masa, mutanen garinmu Batsari su yi ta yi masa tsiya, wai a gidan uban wa mai yake bushewa. Da ya bar aiki ya taho da ɗan kaɗan. Bayan rasuwar Inna ya juye shi a tandun kwallinta, ya rataye a zaure.

Dokarsa ɗaya ce: ba a zuba wa kwaɗon ɗakinsa mai. "Shi mai, yashi yake kira," in ji shi. "Yau ya buɗe miki, gobe ya cije." Sai dai ya barbaɗa garin a makulli, ya zura, ya murɗa. Ko kwalbar man gyaɗa ya gan ni da ita kusa da ƙofar, sai in ji gyaran murya daga zaure.

Da shi ma ya rasu, gidan ya zama kango. Ina koyarwa a Tsaskiya, duk Asabar in hau babur in zo, in buɗe ɗakin in share, in zauna a kan buzunsa. Kewa ce take kawo ni, ba shara ba. Da damina ta yi nisa, wata rana makulli ya ƙi juyawa. Na duba ƙusar zaure, babu tandu. Maƙwabciya ta ce Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tafi da shi Zakka tun ranar sadakar bakwai. Maƙwabciyar ta ce in kira kafinta ya ɓalle kwaɗon mana. Na ce Allah ya kiyaye.

Na bi caɓi har Zakka. Bayan doguwar gaisuwa na tambaya.

"Tandun uwarki? Ga shi nan," in ji Gwaggo. "Amma ɗiyata, kwallin nan ba shi da kirki. Ba shi kama ido ko kaɗan, sai ƙaiƙayi. Don dai nata ne na daure har ya ƙare."

Raina ya ɓaci, dariya kuma tana cina. Na dubi tsohuwar da ta yi watanni tana wahalar da idonta saboda matar wanta. Na karɓi tandun, na zazzage a tafin hannu, ko ƙura babu.

Da la'asar na koma Batsari. Na ɗauko kwalbar man gyaɗa na ɗiga a bakin kwaɗon. Ya buɗe ba gardama. Na tsaya a nan da kwalbar a hannu, ina jiran gyaran murya daga zaure. Kajin maƙwabta kawai nake ji.