Gishirin da Hammadu Ya Ba Shanunsa

Hammadu na Horo Birni bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin saniya ba, balle ni da nake malamin dabbobi mai yawo da babur. In na je rigakafi sai ya dubi allurata ya yi tsaki. Da garke mai kai sittin ya tashi. Farin 1984 ya bar masa sha ɗaya, su ne abincinsa, su ne sunansa a gari.

Shekarar nan gishiri ya yi ɓatan dabo. Shanunsa suka yi wata biyar ba su lasa ba, har suna cin ƙasa. Da aka kawo gishiri Bodinga ya shiga layi tun hantsi, masu tsaron layi suka tsaga masa baya da dorina, amma ya fito da rabin buhu. Don murna ya zube musu shi duka lokaci ɗaya, alhali rijiyar garin ta ƙafe, kwana biyu ba su sha ruwa ba.

Washegari matarsa Daso ta aiko a kira ni. Na tarar shanun suna rawar jiki, suna zagaye wuri ɗaya. Shi kuwa ya sa an jido ruwa da jakuna daga fadama, an cika kwami.

Na tare gabansa. Na yi masa bayani yadda aka koya mana: kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana riƙe da caji kamar batirin tocila. Gishirin ci a wajen ƙwayar yake zama, wani irin gishiri a ciki, fatar ƙwayar tana ta fitar da wancan tana shigo da wannan ba hutu. Yanzu gishiri ya yi yawa ya cushe ciki, fitarwa ta gagara. In suka kwankwaɗi ruwa da yawa, ruwan zai bi gishirin ya kumbura ƙwaƙwalwa. Sai dai a ba su ƙwarya ɗaya ɗaya, a hankali, har kwana uku.

"Malam, mi kaka hwaɗi? Bisa na kukan ƙishirwa in hana mata ruwa? Kauce."

Ban kauce ba, ni ma ina da taurin kaina. Sandarsa ta sauka a hannuna, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ta biyu ta fasa mini goshi. Ina kwance jini na shiga idona na ga ya saki shanun sun yi kan kwamin ruwan.

Kafin azahar ta farko ta faɗi tana shure-shure, kumfa a baki. Bijimin garken ya makance ya rushe dangar gidan, ya tattake Hammadu a ƙirji. Haka ya miƙe da wuƙa yana bin su ɗaya bayan ɗaya don kada su yi mushe. Takwas ya samu ya yanka. Uku sun riga wuƙarsa.

Na yi wata biyu da ɗauri a hannu, ina tsine masa kullum. Daga baya ya koma gadin rumbunan albasa a Lambara. Can na same shi wata rana, ya rame, tausayinsa ya kama ni duk da haushin da nake ji.

"Malam, don Allah gaya min gaskiya. Da na bi maganakka, da sun tashi?"

Na san da ya bi ta, da aƙalla shida sun rayu. Na dubi dattijon nan na ce masa a'a, da ma sun riga sun tafi.