Ƙafar Tela da Takardar Inshora

Na yi shekaru ina tuƙa mota a Zariya, kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka takardar inshora an yi ta ne don a nuna wa 'yan sanda a bakin hanya. Karatuna bai wuce firamare ba. Babbar 'yata, wadda take aikin koyarwa, ita ke sabunta mini takardun mota duk shekara. Ta kawo su a cikin leda, ni kuma in cusa su a aljihun mota ban duba ba.

Bayan la'asar abin ya faru, an yi ruwa an ɗauke. Na taso daga unguwar Kongo zan koma gida Tudun Wada, na kauce wa wani rami, sai na ji ƙara. Wani mutum ne a kan keke, da ƙunshin yadi a bayansa. Daga baya na san tela ne a Tudun Jukun. Na same shi zaune cikin taɓo, ya riƙe ƙaurinsa na dama, yana cewa, "A ɗauke yadin nan, na mutane ne."

Nan da nan aka taru. Kowa da tasa. Wannan ya ce a kira 'yan sanda, wancan ya ce in aka kira su mota sai ta yi wata a ofishinsu. Maƙwabcina, wani tsohon hedimasta da muka daɗe tare, yana dawowa daga taron coci ya tarar da mu. Ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, asibiti za ka kai shi, a yi hoton ƙashi. Kar ka saurari kowa."

Amma yayan telan ya iso a kan acaɓa, ya ce shi ba za a kai ƙaninsa inda za a yanke masa ƙafa ba, akwai mai ɗorin da danginsu ke zuwa tun kakanni. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ba 'yan sanda, ba rubuce-rubuce, ba kwana a bencin asibiti. Na ce ai dangi su suka san abin da ya dace. Da motata na kai shi wurin mai ɗori. Washegari na kai motar gareji aka buge inda ya lotsa, aka canza fitila, don kada mutanen unguwa su yi ta tambaya.

Bayan mako guda dattawa suka zaunar da mu a zauren mai unguwarsu. Aka ce ƙaddara ce. Telan, da aka ɗauko a kujera, ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Aka rubuta a takarda cewa ba ya neman komai a wurina, ya dangwala yatsa, na sa hannu, aka shafa fatiha. Na koma gida ina jin na yi abin da mutumin kirki yake yi.

Da aka kwance karan ɗorin, ƙafar ta fito a karkace, ga kumburi, ga ruwa na fita. Sai a lokacin aka je asibiti. Likita ya ce ƙashin ya kama ba daidai ba, sai an sake karya shi an sa ƙarfe, kuma a yi sauri. Ni ba ni da abin yin wannan aiki a hannu, su ma haka. Tela kuwa da ƙafa yake taka keken ɗinki, da ita yake ci da iyali.

'Yata ce ta ce, "Baba, ai kana da inshora."

Na ce, "To, 'yan sanda ne suka tambaya?"

Ta dube ni ta ce, "Baba, don irin wannan ranar nake biya. Ta gaskiya ce, ba irin ta bakin titi ba. Me ya sa ba ka kira ni tun ranar ba?"

Ranar na ɓoye mata ne don kada ta yi faɗa.

Muka je ofishin masu inshorar. Wata matashiya ce a teburin, mai ladabi ƙwarai.

"Baba, ina rahoton 'yan sanda?"

"Ba mu je ba, 'yata. Mun sasanta."

"Hoton motar fa, kafin a gyara?"

"Tana waje, ki leƙa ki gani. Kamar ba a taɓa ta ba."

"Takardar likita ta ranar da abin ya faru?"

"Mai ɗori ba ya ba da takarda."

Sai na zaro takardar sulhu na miƙa mata da ƙarfin gwiwa, don ita kaɗai ce na zo da ita. Ta karanta, ta ajiye a hankali.

"Baba, wannan ta ce ba ya neman komai. Mu kuwa sai an nemi wani abu a wurinka muke biya."

"To ni ina nema masa."

"Ba kai za ka nema ba. Shi zai nema a wurinka, mu kuma mu tsaya maka."

"Ku tsaya mini, ko ku tsaya masa?"

"Maka, Baba. Amma shi za a biya."

Har yau ban gama gane wannan ba. Abin da na fahimta shi ne, sai telan ya rubuta cewa ni na ji masa rauni kuma yana neman hakkinsa. Ta ce ko da hakan ba ta yi alkawari ba, don an makara, amma za ta tura sama a duba. Ta ba ni fom.

Na sami telan a ƙofar shagonsa, ya miƙe ƙafar a kan kujera 'yar tsuguno. Da ya ga takarda a hannuna sai ya yi dariya.

"Alhaji, da da mota ka zo mini, yau kuma da takarda?"

Na zauna na yi masa bayani gwargwadon yadda na gane, wanda ba shi da yawa. Ya saurara har na gama.

"Wato in janye yafiyar?"

"A takarda kawai, Malam. A zuciyarka ka bar ta."

"Ta zaure ma ai a takarda take. Wacce ce ta gaskiya ke nan?"

"Ba daga aljihuna za a biya ba. Kamfani ne."

"Kamfani ne ya buge ni?"

Na roƙe shi. Ni da na yi laifi, ga ni durƙushe ina roƙon mutum ya daina yafe mini. Na koma sau uku, har da mai unguwa, wanda shi ma ya ce bai taɓa jin an warware sulhu bayan fatiha ba. Telan ya ce in ya dangwala yatsa a fom ɗin nan, da wane ido zai kalli waɗanda suka shaida maganarsa? Ya ce ya riga ya miƙa wa Allah, ba ya karɓowa.

Daga ƙarshe motar na sa a kasuwa don in biya kuɗin aikin. Ta daɗe ba ta sami mai saye ba, kuma kafin a yi aikin wata huɗu sun wuce. An ceto ƙafar, amma idon sawun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Likitan ya ce da tun ranar farko aka zo, da ƙaramin aiki ne.

Yanzu da ƙafar hagu kaɗai yake taka keken. Rigar da yake gamawa a yini ɗaya tana cin masa kwana biyu, kuma masu ɗinkin Sallah da yawa sun koma wani wuri. In na je gaishe shi, yakan yunƙura zai tashi ya ba ni kujerarsa. Ina hana shi, ba ya ji.