Wata Biyar 'Yata Ba Ta Magana

Shekarar da aka sami 'yancin kai, 'yata ta fari tana da shekara huɗu, kuma duk unguwarmu ta Ƙofar Kware ba yaron da ya kai ta surutu. Wata rana da hantsi gobara ta tashi a gidan maƙwabtanmu, ta cinye ɗaki biyu da rumbun gero. Yarinyar tana cikin gidan tana wasa, wata mata ce ta sungumo ta ta miƙo mana ta kan katanga. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Amma daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, yabon shirun ta shiga yi. "Yarinyag ga ta yi hankali," in ji ta ga duk baƙuwar da ta shigo. Hankali! Yarinyar da ta koma fitsarin kwance, ta daina wasa da 'yar tsanarta, in an hura murhu ta ruga bayan randa ta toshe kunnuwa.

Ni kuwa ina gani, amma bakina a ɗaure. 'Yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta nuna ta damu da shi. Ni ke shanya tabarmarta kowace safiya, ni na san loma nawa take ci, amma ni kaɗai ce ba ni da ikon magana.

Da aka yi wata biyu, Inna ta canza ra'ayi, ta ce iskoki ne. Aka karɓo turare daga Wamakko. Ku ji maganin da aka zaɓa wa yarinyar da wuta ta firgita: a zuba garwashi a kasko, a lulluɓe ta da zane, a riƙe ta a kan hayaƙi. Tana fizge-fizge, Inna tana cewa, "Kun gani? Su na ka hita." Mijina ya dawo daga kasuwar hatsi, ya leƙa, ya ce Inna ta fi mu sani.

Ranar turare na shida na ɗauke kaskon na juye shi a kwata.

"Ke! Mi ya same ki?" in ji Inna. "Ba ki jin kunya?"

"Inna, ki gahwarce ni. Ɗiyata ta, kuma ba ta da lahiya. Asibiti za ni kai ta."

Sati guda Inna ba ta amsa gaisuwata ba. Na ji kunya ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba, amma na goya yarinyar na tafi.

A lokacin ba mu da likitan da ke duba tunanin yara kamar yanzu. Wata dattijuwar malamar asibiti muka samu. Ta duba kunne da maƙogwaro, ta ce lafiya lau. Sai ta tambaye ni tun yaushe, me take ci, me ke firgita ta. Ashe duk amsoshin suna bakina, ba a taɓa tambayata ba ne. Ta ce tsoro ne ya zauna mata, kuma yaron da ya daina abin da ya riga ya iya har tsawon makonni, ba a zuba masa ido. Ba ta ba mu ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce a daina hayaƙi, in riƙa ajiye ta kusa da ni ina yi mata hira ba tare da na matsa mata ba, in kawo ta duk Litinin.

Haka na yi, ina tsince shinkafa ina zuba wa 'yar fari surutu, matan gida suna ƙunshe dariya.

A wata na biyar, ina yi mata kitso da la'asar, sai na ji wata 'yar murya a dishe daga tsakanin gwiwoyina.

"Wutar ta mutu?"

Na ce ta mutu tun ranar, an ma sake ginin ɗakunan. Duk cikinmu, har da ni, ba wanda ya taɓa gaya mata.