Keken Baba a Kan Bulo

Shekarar da kamfanin ma'adinai ya sallami Baba, ita ce shekarar da ƙafafun Yaya suka fara gaza ɗaukarta. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya tana haki, fatar idonta ta sauko kamar mai gyangyaɗi da tsakar rana.

A gidanmu na Arlit mun yi mata abin da muka sani: mun kwantar da ita. Inna ta hana ta tsintsiya, ta hana ta taɓarya. Matan unguwa suna zuwa dubiya, in ta miƙa hannu ga buta sai uku su riga ta. Gwaggo, wadda fari ya cinye wa awaki a Dannet har ta dawo wurinmu, ita ce mai gadin tabarma. Wata huɗu ana sannu, ƙwaurin Yaya ya koma kamar kara.

Kafin a karɓe mana katin asibitin kamfani Baba ya kai ta, ni kuma na bi su don ni ce mai faransanci. Likitan ya ce a cikin tsoka akwai ƙananan murahu da ido ba ya gani, su ke ƙona abinci ya zama ƙarfi, kuma yana zaton wasu daga cikin na Yaya da lahani aka haife ta. Tabbatarwa sai a Yamai, ga tawaye, ba a bin hanya sai da rakiyar soja. Maganin warkewa babu. Amma kwanciya tana rage masu kyan, aiki kaɗan kullum kuwa yana sa tsoka ta ƙara sababbi. Da na juya maganar cikin Hausa, sai na ji kunyar kulawarmu.

Baba ya ɗauko kekensa na zuwa aiki, ya ɗage ƙafar baya a kan bulo, ya ɗaure shi da bishiyar tsakar gida.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kai, zaman banza ya taɓa maka kai? Yarinya ba lafiya ka ɗora ta kan ƙarfe? Ina za ta?"

"Agadez, Hajiya. Ita kaɗai ke tafiya ba soja."

Ka'idar likita ɗaya ce: ta tuƙa muddin tana iya magana, in magana ta sarƙe ta sauka. Aikina kenan, hira. Kowace safiya nakan zauna a gindin keken in tambaye ta inda ta kai, ita kuma ta ba ni labarin lambunan ƙasar Ayar, da rumman, da ruwa mai gudu tsakanin duwatsu, abin da ba mu taɓa gani ba. Ran da na tafi lakwal, wato makaranta, da wuri ta zarce ita kaɗai, ta kwana biyu tana amai. Inna ta rantse ba za a sake ba. Yaya ce da kanta ta lallaɓa ta hau.

Idonta bai buɗe ba, ciwon yana nan. Amma kafin sanyi ƙwaurin ya ciko, har nakan danna in ji tauri. Aka yi suna a bayan kasuwa, ta ce da ƙafa za ta. Sau biyu ta zauna a hanya. Gwaggo na biye da kujera a ka, tana cewa:

"Ke, jira ni mana! Gudun me kike?"