Ɗaga Gaban Katkat Ya Raba Ni da Aminina

A wancan lokacin ni direba ne mai ji da kansa, ina da katkat, wato motar nan mai ja da taya huɗu, mai buɗaɗɗen baya, ina jigilar buhunan hatsi daga Geceme zuwa kasuwar Kore Mairuwa. Ban yarda da kowa ba, ko inuwata sai na waiga na duba ta. Mutum ɗaya na ware, aminina makaniki a Dogon Dutsi, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara.

Gaban motar ya fi bayanta yin ƙasa, kullum cikinta na shafar yashi a gangaren korama. Na sayo ƙarafan ɗaga gaba, shi ya kwance amortisa, wato abin da ke rage wa mota jijjiga, ya ɗora su, mota ta miƙe daidai kamar sabuwa. Ya gaya mini aiki bai ƙare ba, tilas in dawo ya daidaita tayoyin gaba, abin da suke kira paralelisim, don ɗagawar tana karkatar da su. Na ce to. Amma kaka ce, kaya na jirana ko'ina, ban koma ba.

Ba a jima ba mota ta fara ja hagu, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Direbobin tasha suka sa ni gaba. Wani ya ce makaniki ko uwarku ɗaya, in ya ga amortisa na asali sai ya musanya maka da jabu. Na musa a baki, amma maganar ta zauna mini a zuciya. Na tuna yadda ya matsa mini in tafi cin abinci ranar aikin. Na tuna yadda ya yi ta yaba ƙarafan motar. Wallahi har murmushinsa na koma ina yi wa fassara.

Ran nan na faɗa garejinsa, mutane cike, na ce in bai taɓa mini kaya ba ya dafa Alƙur'ani. Bai ɗaga murya ba. Ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya yi alwala, ya rantse. Sannan ya shiga ƙarƙashin motar ya daidaita tayoyin, ya miƙo mini makulli, ya ce daga yau in nemi wani gareji.

Mota ta tafi sak, ba ta sake ja ba. Kunya ta kashe ni. Na tura dattawa, ya ce ya yafe, kuma har yau muna gaisawa. Amma da matarsa ta haihu aka raba goron suna a tasha, har waɗanda suka zuga ni sun samu, ni ban samu ba.

Ƴan'uwa, zato zunubi ne, na ɗanɗana. In mai gyara ya ce ka dawo, ka koma kafin ka saurari ƴan tasha. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, ka ja shi gefe ku yi magana ku biyu. Kada ka sa amininka rantsuwa a gaban mutane. Zai iya yafe maka, amma ba zai ƙara tunawa da kai ranar farin cikinsa ba.